Kullum ina jan dogon numfashi amma iskar ba ta isata

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce, shekarata 31, da aure da yara biyu. Kusan wata bakwai ke nan numfashina yake ba ni wahala. Sai in ji kamar iskar da na shaƙa ta maƙale a maƙogwaro, ta ƙi sauka. In yi ta hamma, in yi ta ajiyar zuciya ko ƙirjina zai cika, wani lokaci a dace, wani lokaci a'a. Abin ya fi tsananta idan zan tsaya gaban ɗalibai ko an kira taron malamai, sai kuma da dare in na kwanta. Sau biyu ya kai ni ga jiri, yatsuna suka sage, leɓena ya zama kamar ba nawa ba, har na ɗauka tafiya ce ta zo. Na je asibiti an yi hoton ƙirji, an auna zuciya, an ɗebi jini, likita ya ce komai lafiya, damuwa ce, in riƙa jan dogon numfashi. To Anti ina ja, har kafaɗuna su ɗaga, amma sai abin ya ƙaru. Maigidana da farko ya tausaya min, yanzu cewa yake tunda likita ya ce ba komai in cire abin a raina, raki ne kawai. Mahaifiyata kuma ta tsorata, kullum sai ta kira, tana cewa in ajiye aikin kafin ya kashe ni. Wata abokiyar aikina ta ce in koyi numfashi da ciki, ni kuwa ban gane ba, ciki ai ba huhu ba ne. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki, malamar makaranta

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, sannu kuma da haƙuri. A ce mutum ya yi wata bakwai yana kokawa da abin da sauran jama'a ke yi ba su ma san suna yi ba, ai ba ƙaramar gajiya ba ce. Bari in fara sauke miki kaya ɗaya: abin da ke damunki ba raki ba ne. Jirin gaskiya ne, sagewar yatsun gaskiya ce, kuma an san yadda suke faruwa a jiki tiryan-tiryan. Likitanki ma bai faɗa miki ƙarya ba. Inda aka samu saɓani shi ne, shi ya ce dogon numfashi, ke kuma kika ji numfashi mai yawa. Tsakanin dogo da mai yawa kuwa akwai tafiya.

Daga yadda kika kwatanta, da kuma gwaje-gwajen da suka fito lafiya, ba ƙarancin iska ke damunki ba, yawanta ne. Na san maganar za ta yi miki banbarakwai, don haka mu yi lissafi, ke malama ce. Babban mutum da ke zaune a huce yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kowane zuwa yana shaƙar kimanin rabin lita. Rabin lita sau 12, lita 6 ke nan a minti, kuma jiki ya ƙoshi da haka. Yanzu ki ɗauka kina zaune kina jiran a fara taro, gabanki na faɗuwa, kina zuƙar lita ɗaya da rabi sau 15 a minti. Kin haura lita 20. Wannan numfashin mai hawan bene ne, ke kuwa ko motsi ba ki yi ba.

Ina rarar take zuwa? Ba ta ƙara miki iskar oksijin, domin jinin mai lafiya dama a cike yake da ita, kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, ƙila ma kin ga adadin a ɗan na'urar da suka maƙala miki a yatsa. Tulun da ya cika ba ya karɓar ƙari. Abin da rarar take yi shi ne share ɗaya iskar, wato kabon dayoksaid, wadda aka koya mana tun muna yara cewa shara ce jiki ke zubarwa. Shara ce, amma jiki yana son ya bar wani adadi nata a jini. Idan ta yi ƙasa da yawa sai hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa su tsuke, ga jirinki nan. Yanayin jinin ya ɗan sauya, jijiyoyi su zama masu saurin zabura, ga sagewar yatsu da ta leɓe nan, wasu ma har yatsun su ƙanƙame. Akwai kuma abin da wani masani ɗan ƙasar Denmak, Christian Bohr, ya bayyana tun 1904: idan wannan iska ta yi ƙaranci, jini yakan riƙe oksijin ɗinsa gam, ya ƙi sakar wa gaɓoɓi yadda ya kamata. Kin ga an gudu ba a tsira ba. Kina ja don ki samu sauƙi, jan yana kawo jiri, jirin yana tsorata ki, tsoron yana sa ki ƙara ja.

Yanzu ga tambayarki, wadda na ji daɗinta: ciki ai ba huhu ba ne. Gaskiyarki, iskar numfashi ba ciki take shiga ba. Amma abokiyar aikinki ma tana da gaskiya. Huhu ba shi da tsokar kansa, ba ya iya jan iska, buɗe shi ake yi. Mai buɗe shin wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, likitoci suna ce mata dayafaram, ni zan kira ta tsokar shamaki. A kife take kamar kwano, bakinta manne da ƙananan haƙarƙari da ƙashin baya, huhu da zuciya a samanta, hanta da tumbi da hanji a ƙarƙashinta. Idan ta ɗaure sai ta baje ta sauko ƙasa, fili ya samu a ƙirji, iska ta bi ta cike gurbin, kamar dai yadda ruwan allura ke shiga sirinji in an ja sandarsa. Kayan ciki kuma da ta danno ba su da wurin zuwa sai gaba da gefe, shi ya sa ciki ke tasowa. In ta saki ta koma sama, iska ta fita da kanta ba tare da an tura ba. A numfashin hutu santimita ɗaya zuwa biyu kawai take motsawa, amma ita ke ɗauke da mafi yawan aikin. Kin ma san ta, ba a dai gabatar da ku ba ne: duk sanda shaƙuwa ta kama ki, ita ce ke fizga.

Yau da dare idan ƙaramin yaronki ya yi barci, ki zauna kusa da shi ki duba. Kafaɗunsa shiru, wuyansa shiru, cikin ne kawai ke tasowa yana komawa a hankali. Haka kike numfashi da, kuma haka kike yi har yanzu in barci ya ɗauke ki. Ba sabon abu za ki koya ba, tsohon hali za ki komawa.

Abin da ya raba ki da shi tsoro ne. Jiki yana da tsokokin ko-ta-kwana a wuya da kafaɗu da saman ƙirji, waɗanda yake kira idan ana gudu ko ana haki. Mai fargaba yakan ɗaure ciki bai sani ba, shamakin ya rasa inda zai sauka, sai 'yan ko-ta-kwanan su karɓi aikin dindindin. Su kuma ba a yi su don aikin yini da kwana ba, shi ya sa ba zan yi mamaki ba idan wuyanki da kafaɗunki suna miki ciwo da yamma. Wani abin kuma, mai numfashi da saman ƙirji ba ya gama fitar da ta ciki yake ƙara jan wata a kai, ƙirjin ya zauna a kumbure. Wannan jin da kike yi cewa iska ta maƙale ta ƙi sauka, sau da yawa rashin wuri ne. Don haka gyaran daga fitarwa zai fara.

Ki samu lokacin da hankalinki ke kwance, ba lokacin da abin ya taso ba, kuma ba da cikakken ciki ba. Ki kwanta rigingine, matashi ɗaya a kai, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi don bayanki ya saki. Duk abin da ya matse ƙugu ki sassauta shi. Hannu ɗaya a saman ƙirji, ɗaya a tsakanin cibiya da ƙarshen haƙarƙari. Minti na farko kada ki gyara komai, kallo kawai za ki yi: wane hannu ne ke motsi? Ina kyautata zaton na saman ne. Kada hakan ya ɓata miki rai, kin dai gano inda ɗakin ke yoyo.

Sai ki tsuke leɓe ki hura iska waje a hankali, kamar kina hura harshen kyandir kina son ya lanƙwasa amma kada ya mutu. Ki bar kafaɗu su faɗi, ƙirji ya sauka, har ki ji iskar ta ƙare da kanta, ba sai kin matse ba. Ki ɗan dakata. Sannan ki rufe baki ki bar iska ta shigo ta hanci, shiru, ba zuƙa ba. Idan wanda ke kwance kusa da ke yana jin ƙarar numfashinki, ya yi yawa. Hannun ƙasa ya taso kaɗan, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, na sama ya zauna kusan inda yake. Kada ki cika huhun taf. Ki tsaya tun kina jin da sauran wuri, ki sake fitarwa.

Da kin fara kama hanya sai ki sa ƙirga. Shiga, ɗaya zuwa huɗu. Fita, ɗaya zuwa shida. Daƙiƙa goma ke nan kowane numfashi, wato sau shida a minti, kuma a daidai wannan saurin ne aka ga numfashi da bugun zuciya sun fi tafiya tare. Idan huɗu da shida sun yi miki tsawo da farko, ki yi biyu da uku, ko uku da biyar. Adadin ba farilla ba ne. Sharaɗin dai fitar ta fi shigar tsawo, kuma ga dalili da za ki iya ji da yatsunki. Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki inda jijiya ke harbawa, ki yi numfashi a hankali. Za ki lura bugun yana ɗan ƙara sauri in kina shaƙa, ya ɗan lafa in kina fitarwa. Aikin wata doguwar jijiya ce da ake kira begas, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji har ciki, ita ce birkin zuciya. Duk doguwar fitarwa taka wannan birki ne. Dogon numfashin da likita yake nufi ke nan: dogo a lokaci, ba babba a ma'auni ba.

Minti biyar, sau biyu ko uku a rana, ya isa a makon farko. Daga baya ki kai minti goma.

Bari in gaya miki inda ake tuntuɓe, don kada ki ce ke kaɗai ce. Ranar da na fara gwadawa da kaina, littafi na ɗora a ciki maimakon hannu, na kwanta ina kallonsa. Ko gezau bai yi ba. Na ƙara ja, ƙirji ya tashi, littafin na nan kamar an manna shi. Haushi ya sa na turo cikin da ƙarfi, littafin ya ɗaga, na ce alhamdulillahi an samu, ashe ko iska ba ta shiga ba, tumbi kawai na tura. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma kusan kowa na yin sa. Ba ke za ki ɗaga cikin ba, ki sake shi kawai, shamakin ne zai ɗaga shi daga ciki. Idan ya ƙi motsi, ki harɗe hannuwa biyu a bayan ƙeya, hakan yana hana saman ƙirji shiga sharo ba shanu. Ko ki juya rub da ciki, goshi a kan hannuwa, za ki ji cikin yana danna shimfiɗa duk sanda iska ta shiga. Ko ki yi 'yar gajeriyar shinshina sau uku ta hanci kamar mai neman inda wani ƙamshi ke fitowa, abin da kika ji ya harba a ƙasan haƙarƙari, to ita ce. Wasu kuma sun fi gane ta in sun dafa gefen haƙarƙarinsu na ƙasa da tafin hannu biyu, su ji suna buɗewa zuwa waje.

Kuskure na biyu shi ne a mayar da numfashin ciki ya zama wata sabuwar zuƙa. In kika ji jiri kina cikin yi, to kin koma gidan jiya, ki rage yawan iskar, ki tsawaita dakatawar da ke bayan fitarwa. Sannan ki sa ran wani abu da zai so ya ruɗe ki: a kwanakin farko za ki ji kamar iskar ba ta isa ba, ranki ya yi ta ce miki ki ja babba guda ɗaya. Jikinki ya saba da ƙarancin kabon dayoksaid, da ta fara komawa daidai sai ya ɗauka matsala ce. Wannan 'yar yunwar iskar ba haɗari ba ce, alamar gyara ce, kuma tana raguwa da kwanaki. Ki jure daidai gwargwado, in ta matsa ki huta ki dawo.

Hamma da ajiyar zuciyar nan ma ina son ki lura da su. Kowane mai rai yana ajiyar zuciya lokaci zuwa lokaci ba da saninsa ba, tana buɗe ƙananan jakunkunan huhu da suka lafe, ba laifi ba ce. Wadda ake farauta ce matsala, wadda kike ja kina jira ki ji ko ta kai. Kowace ɗaya tana kwashe miki abin da kike ƙoƙarin tarawa. In sha'awarta ta zo, ki haɗiyi yawu, ki fitar da iska a hankali ta hanci, ki ƙirga uku. Sau da yawa za ta wuce. In ta ƙwace miki kuma, shi ke nan, kada ki tuhumi kanki.

Bayan mako ɗaya ko biyu a kwance, ki koma yi a zaune a kujera, ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe ba a sandare ba. Ya fi wuya kaɗan, domin wanda ya duƙufa kan tebur ko waya yana matse wa shamakin hanya. Sai a tsaye, sai kina tafiya, taku uku shiga, taku huɗu ko biyar fita. Daga nan sai wurin da ya fi damunki, wato aji.

Magana gaba ɗayanta fitar da numfashi ce. Mai fargaba yakan jero zance ba tsayawa har iska ta ƙare masa, ya fizgi wata ta baki zuwa saman ƙirji, ya ci gaba. Minti goma a haka, jiri ya iso. Kafin ki shiga, ki tsaya a bakin ƙofa ki yi doguwar fitarwa sau uku, kafaɗu a ƙasa. A ciki kuma ki gajarta jimlolinki, ki girmama aya kamar yadda kike koya wa ɗalibai: in kin kai ƙarshen jimla ki rufe baki, ki saki ciki, iska za ta shigo da kanta. Aikinki ma ya ba ki mafaka da ba kowa ke da ita ba. Ki jefa tambaya, kafin su gama tunani kin yi numfashi biyu. Ki juya ki yi rubutu a allo, kin samu uku. Shirun da ke yi miki kamar shekara, su ba su ma lura da shi ba. Ki fara gwada wannan a gida, ki karanta shafi ɗaya da ƙarfi, hannu a ciki, kina tsayawa a kowace aya.

Idan abin ya taso gadan-gadan duk da haka, ki zauna, ki ɗan sunkuya gaba, damatsa a kan cinya. Kada ki nemi shaƙa, ki nemi fitarwa. Leɓe a tsuke, a hankali, sannan hanci. Irin wannan tashin yakan kai ƙololuwa cikin kimanin minti goma ya fara sauka, kuma sau biyun da ya zo miki haka ya yi, ya tafi ya bar ki da ranki. Wani zai ce ki rufe baki da hanci da jaka ki yi numfashi a ciki. Kada ki yi. Tsohuwar dabara ce da aka daina ba da shawararta, domin in aka yi rashin sa'a asma ce ko zuciya a ranar, jakar za ta rage oksijin ne a lokacin da aka fi bukatarsa.

Mu zo kan mutanen gidanki. Kalmar raki ta yi miki zafi, kuma da hakkinki. Amma ki duba ta wajensa: ya ga matarsa tana neman faɗuwa, ya tsorata, likita ya ce ba komai, ya riƙe wannan kalmar da hannu biyu domin ita ce ta ba shi barci. Duk sanda kika sake kokawa, kamar kina neman ƙwace masa ita ne. Ban ce ya kyauta ba. Cire abu a rai ba umarni ba ne da ake bi don an ba da shi, da haka ne da tuni kin cire. Ki same shi lokacin da ba a cikin rikici, ki ce masa likita ya ce zuciya da huhu lafiya, kin yarda, amma salon numfashinki ne ya karkace kuma kin samu hanyar gyarawa, kina son ya taya ki. Sai ki ba shi aiki a hannu: ya riƙa yi miki ƙirgar huɗu da shida da dare, in abin ya taso kuma ya zauna kusa da ke ya yi numfashi a hankali ki bi shi, ba sai ya ce komai ba. Mutane da yawa da ba su iya lallashi ba sun iya aiki in an nuna musu. In ya so ma, ya kwanta ya gwada da littafin, gani ya kori ji. In kuma ya ƙi, ki ci gaba da abinki, ki roƙe shi ya raka ki ganin likita na gaba ya ji da kunnensa.

Mama kuwa uwa ce, ba za a hana ta tsoro ba. Sai dai kiran kullum ana tambayar ya numfashin yana mayar da hankalinki kan abin da kike son ki manta, numfashi kuma da an sa masa ido yake rikicewa. Ki zauna da ita ki faɗa mata gwajin da aka yi ɗaya bayan ɗaya da abin da kowanne ya nuna, ki yi mata alkawarin cikakken bayani sau ɗaya a mako, sauran kiran a yi hirar jikoki. Batun ajiye aiki, ban goyi baya ba. Abin da aka guje wa saboda tsoro girma yake ƙarawa, yau aji ne, gobe taron jama'a, jibi fita ƙofar gida. Idan gajiya ta yi yawa, ki nemi hutun 'yan kwanaki ko a rage miki darussa na ɗan lokaci, da ranar komawa a ƙayyade.

Likita kuma ki koma masa, ba don ya yi kuskure ba, don zancen bai ƙare ba. Ki tambaye shi ko jinin da aka ɗeba ya haɗa da duba ƙarancin jini da aikin ƙullin wuya da ke kawo maƙoƙo, domin dukansu suna sa haki da faɗuwar gaba. Ki tambaya ko an yi miki gwajin hura iska na asma, don hoton ƙirji ba ya nuna ta. Idan akwai ma'aikatan fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki, da suka san gyaran numfashi, ki nemi a tura ki, zama ɗaya da wanda zai dafa haƙarƙarinki ya ce nan, ya fi dogon rubutuna. Akwai kuma alamun da ba a tsayawa ƙirga huɗu da shida a kansu, asibiti ake nufa nan take: ciwon ƙirji mai danna ko mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, leɓe ya canja launi, tari da jini, suma, kumburin ƙafa, numfashi mai fito, ko sarƙewar da ke zuwa da ɗan aiki kaɗan tana ƙaruwa. Tarin da ya wuce mako biyu, da zazzaɓi da rama, shi ma a duba. Na dare da kika ambata, galibi shirun dare ne ke sa ki sauraren numfashinki. Amma in kin lura kwanciya a miƙe ce ke toshe ki, sai kin tashi zaune ko kin tara matasai kike samun sauƙi, ki faɗa wa likita wannan da kalmominsa.

Saura abu ɗaya da wasiƙarki ta tsallake. Kin ce wata bakwai, ba ki ce me ya faru wata bakwai ko takwas da suka wuce ba. Rasuwa ce, ko rashin lafiya, ko sauyi a wurin aiki, ko wata magana da kika haɗiye? Ba sai kin gaya min ba, amma ki tambayi kanki. Numfashin ciki zai kwantar da jiki, ba zai biya bashi ba, ba zai sasanta rigima ba. Idan kin yi mako huɗu zuwa shida kina yi kullum amma fargabar na nan, ko kin fara guje wa wurare, ko barci da walwala sun ƙaurace miki, ki nemi ganin masanin halayyar ɗan Adam. Akwai magani na zama a tattauna, wanda ake koya wa mutum yadda zai fuskanci waɗannan alamun har su daina ba shi tsoro, kuma yana aiki sosai ga masu irin matsalarki. In likita ya ga ana bukatar ƙwaya a haɗa, ba abin kunya ba ne.

Ga aikin farko na maigida, tun kafin ki fara komai: cikin kwana biyun nan, sanda kike zaune hankalinki na wani wuri, ya ƙirga numfashinki na minti ɗaya ba tare da kin sani ba, ya lura kuma ko kafaɗunki na motsi. Ku rubuta adadin da kwanan wata a bayan littafin da za ki riƙa ɗorawa a ciki. Bayan mako huɗu ya sake ƙirgawa, ki aiko min da lambobin biyu. Allah ya ƙara sauƙi, ki gaida Mama.